Yadda Matuƙin Jirgi Mai Ƙiba Zai Shirya wa Gwajin Lafiya

Ranar da sikelin likita ya nuna mini kilo 112, ban ce uffan ba. Sauka na yi, na tuɓe takalmi, na kwance agogo, na sake hawa. Ya koma 111 da ɗoriya. Likitan dattijo ne da ya daɗe yana duba matuƙan jiragen sama. Ko kai bai ɗago daga takardar da yake cikewa ba ya ce, "Kyaftin, ko hular ma za ka cire, ba sikeli ne zai hana ka tashi ba. Zo mu ga jininka."

Jinin ne kuwa ya kayar da ni. Awon farko 164 bisa 99. Ya bar ni na huta, ya sake ɗaura mini, bai sauka yadda ake so ba. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an bincika. Haka na tattaro na dawo Sakkwato, na shafe mako bakwai ina kallon jirage suna ɗagawa daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ni kuwa ina zaune a ƙofar gida ana tambaya ta ko hutu aka ba ni.

A zaman nan na gane cewa tsoron da nake yi wa sikeli a banza ne. Ƙiba ita kaɗai ba kasafai take hana mutum takardar lafiya ba. Baƙin da take gayyatowa gida su ne matsala: hawan jini, ciwon suga, da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Wanda ya san matsayinsa a kan waɗannan ukun tun kafin likita ya sani, ya kusa gamawa. Ga yadda na bi, da yadda nake gaya wa ƙannenmu masu shirin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ko ta Ilorin su bi.

Fara da sanin abin da doka ta ce

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke amincewa da likitocin da za su duba matuƙa. Ba kowane likita ba ne, komai girmansa. Ƙa'idojinta sun ginu ne a kan na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya da ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944. Takardun lafiya aji uku ne: aji na ɗaya na matuƙan jiragen kasuwanci, aji na biyu na masu tuƙi don kansu, aji na uku na jami'an da ke ba jirage hannu daga hasumiya. A tsarin ICAO, takardar aji na ɗaya wata 12 take yi. Tana komawa wata 6 ga wanda ya wuce shekara 40 idan shi kaɗai yake tuƙa fasinja, da kuma wanda ya wuce 60. Abin da aka rubuta a jikin taka takardar dai shi ne hukunci.

A cikin ƙa'idojin ICAO babu wani adadin kilo da aka ce wanda ya haura shi ya faɗi. Ƙasashen Turai sun fi fito da magana fili: idan ma'aunin ƙibar mutum, wato BMI, ya kai 35, ana iya ba shi takarda, amma sai an tabbatar ƙibar ba za ta hana shi sarrafa jirgi ba, an kuma duba lafiyar zuciyarsa da yiwuwar ɗaukewar numfashi a barci. A Amurka kuwa, a ƙarshen 2013 babban likitan FAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, ya sanar da cewa duk mai BMI 40 sai ya je gwajin barci kafin a ba shi takarda. Matuƙa suka yi ca, aka ja da baya, a 2015 aka fito da tsarin da bai dogara da BMI shi kaɗai ba. Na kawo waɗannan ne domin likitocinmu suna karanta su, kuma da yawanmu muna riƙe da lasisin waje a gefe.

Mataki na ɗaya: ƙirga baya

Ɗauko takardarka ka duba ranar da za ta ƙare, ka ƙirga wata huɗu baya. Ranar ce za ka fara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata huɗun ba ƙirƙira ba ce: gwajin suga da likitoci suka fi amincewa da shi yana karanta wata biyu zuwa uku da suka wuce, maganin hawan jini yana bukatar makonni kafin ya zauna, kuma raguwar nauyi mai ɗorewa ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Ka kuma nemi ranar ganin likita da sauran makonni kafin takardar ta mutu. Mu na Sakkwato galibi tafiya muke yi, Abuja ko Legas ko wani gari, idan aka ce ka dawo da sakamakon wani gwaji kana bukatar sarari. Kuskurena ke nan na farko, na je saura kwana huɗu.

Mataki na biyu: sikeli da tef ɗin tela

Ka auna nauyi da safe, bayan ka zaga, kafin ka ci komai, a sikeli ɗaya kullum. Lissafin BMI ba wuya. Ka ninka tsawonka a mita da kansa, ka raba nauyinka da abin da ya fito. Tsawona mita 1.76 ne. Idan aka ninka shi da kansa ya ba da 3.1, aka raba 112 da shi ya ba da 36. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce, daga 35 likita zai fara yi maka kallo na biyu, daga 40 kuwa ka shirya wa bincike mai tsawo.

Sai dai BMI bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan kokawa ƙaƙƙarfa ma zai iya fitowa a mai ƙiba. Shi ya sa tef ɗin tela ya fi faɗin gaskiya. Ka zagaya shi daidai cibiya, ba ƙarƙashin tumbi inda wando yake zama ba, kada kuma ka haɗiye ciki. Santimita 102 ga namiji, 88 ga mace, nan ne haɗari yake ƙaruwa sosai. Hanya mafi sauƙi: faɗin ƙugunka kada ya wuce rabin tsawonka. Daga nan sai wuya. Wanda wuyan rigarsa ya kai inci 17, wato kimanin santimita 43, ya riƙe wannan lambar, za mu dawo gare ta.

Mataki na uku: hawan jini, inda aka fi faɗuwa

Sayi na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ga wani abu da ban sani ba sai da na sha wuya: mayanin da ake ɗaurawa a damtse girma-girma ne. Idan aka sa wa mai kaurin damtse ƙaramin mayani, na'ura za ta nuna jini ya fi yadda yake hawa. Ka auna damtsenka da tef. Idan ya haura santimita 32, babban mayani ne naka, a gida da kuma wurin likita. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Likita, a sa mini babban." Likitan kirki ma shi zai fara lura.

Ka zauna a kujera mai majingina, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka yi shiru minti biyar. Awo biyu da safe, biyu da dare, kwana bakwai a jere, kana rubutawa a littafi da rana da lokaci. Ka watsar da na ranar farko, ka fitar da matsakaicin sauran. A gida ana so ya kasance ƙasa da 135 bisa 85. A asibiti 140 bisa 90 ne mafarin hawan jini. Hukumomin jirage sun ɗan sassauta: Turai ba ta yarda da wanda jininsa ke zama sama da 160 bisa 95 ba, Amurka 155 bisa 95. Kada ka ɗauki waɗannan a matsayin abin da kake nema. Iyaka ce ta bakin rami.

Idan littafinka ya nuna sama, ka je wurin likita yanzu. A nan Sakkwato akwai likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kalmar farko da za ta fito daga bakinka ita ce sana'arka, domin ba kowane maganin hawan jini ne ake tashi da shi ba. Irinsu amlodipine da lisinopril da losartan hukumomi sun saba amincewa da su. Methyldopa kuwa, wanda aka fi sani da Aldomet, da danginsa masu aiki ta ƙwaƙwalwa, suna sa kasala da barci, ba a yarda da su ga matuƙi. Ka kira likitanka na jirage kafin ka haɗiyi ƙwaya ta farko. Zai ce ka zauna a ƙasa na 'yan kwanaki, wani lokaci har mako biyu, a ga ko tana sa ka jiri.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne na shekara biyu ina zargin jinina yana hawa, na ƙi aunawa don tsoron kada a ce na fara shan magani. Alhali ɗakunan tuƙi cike suke da masu shan maganin hawan jini, suna tashi lafiya da takardunsu. Wanda ake dakatarwa shi ne wanda jininsa ke sama ba magani.

Mataki na huɗu: suga da sauran jini

Ka je ɗakin gwaji mai inganci ka biya da kuɗinka a duba maka suga kafin karin kumallo, da gwajin HbA1c, wato wanda na ce yana karanta sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, da kitsen jini, da aikin ƙoda da hanta, da fitsari. Suga kafin cin abinci idan ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ciwon suga ne. HbA1c daga 6.5 haka nan. Tsakanin 5.7 da 6.4 kana bakin ƙofa, kuma nan ne rage nauyi ya fi saurin maido da mutum. Idan jininka AS ne ko AC ka faɗa musu, domin wasu na'urorin HbA1c suna rikicewa da irin wannan jinin.

Ko an ce ciwon ya kama, ba a rufe littafi ba. Wanda ke daidaita shi da abinci ko da metformin yakan ci gaba da tashi bisa sharaɗi. Magungunan da ke iya faɗar da suga ƙasa farat ɗaya, da allurar insulin, su ne maganarsu take da nauyi.

Mataki na biyar: tambayi uwargida

Wannan gwajin kyauta ne, amma ya fi sauran ɗaci. Ka tambayi wadda take kwana kusa da kai abu biyu: kana minshari mai ƙarfi? Ta taɓa ganin numfashinka ya tsaya, sannan ka farka da shaƙuwa kamar wanda aka shaƙe? Da na tambayi tawa, dariya ta fara yi, sai kuma ta ce, "Abban yara, ai na sha taɓa ka cikin dare in ga ko kana da rai." Shekara nawa muna tare, ban taɓa tambaya ba, ita kuma ta ɗauka gajiyar aiki ce.

Abin da ke faruwa shi ne idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yana saki, kitsen wuya ya danne hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa goma ko fiye, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi ba tare da ya sani ba. Yana iya faruwa sau da dama cikin awa guda. Da safe mutum ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, da rana ya yi ta gyangyaɗi, jininsa kuma ya ƙi sauka ko da magani. A watan Fabrairu na 2008, a tsibiran Hawai na Amurka, matuƙa biyu na wani jirgin fasinja da ya tashi daga Honolulu zuwa Hilo duk suka yi barci da hantsi, jirgin ya wuce inda zai sauka da kimanin mil 26, ana ta kiran su a rediyo shiru. Allah ya kiyaye, suka farka suka juyo. Daga baya aka gano kyaftin ɗin yana da wannan lalura mai tsanani, bai sani ba. Tun daga nan hukumomi suka ƙara sa ido.

Likita yakan yi tambayoyi takwas: minshari, gajiya da rana, ko an ga numfashinka yana tsayawa, hawan jini, BMI sama da 35, shekaru sama da 50, kaurin wuya, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e a uku zuwa huɗu yana tsakiya, biyar zuwa sama haɗarinsa babba ne. Ka yi wa kanka hisabi tun a gida. Idan ka hau, ka nemi gwajin barci da kanka kafin a tura ka. Maganinsa na'urar CPAP ce, wadda ke hura iska ta hanci ta riƙe hanyar a buɗe. Tana ajiye bayanin yadda ka yi amfani da ita, kuma shi likita zai karanta. Amurka tana neman a ga ka sa ta a kashi 75 cikin ɗari na kwanakin barcinka, matsakaicin awa 6. A garinmu wannan yana nufin ka tanadi batir ko sola tun ranar da ka sayo ta, don ba za ka ce wa likita an ɗauke wuta ba.

Nawa gwajin barcin ya nuna lalurar mai sauƙi ce, aka ce in rage nauyi in daina kwana rigingine, a sake dubawa.

Mataki na shida: rage nauyin, a Sakkwato

Ba a ce ka koma yadda kake ranar da ka shiga makaranta ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka ya isa ya motsa jini da suga da minshari gaba ɗaya. Ga mai kilo 112, kilo 6 zuwa 11 ke nan. Jini kansa yakan sauka da kusan maki ɗaya a kan kowane kilo.

Ka fara da abin sha, don nan ɓarnar take ba a ganin ta. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, da yake haura digiri 40, yana sa mutum ya sha uku a wuni bai ƙirga ba. Ga shayin mai shayi da madara da sukari, ga zoɓo da kunun zaƙi da aka zuba wa sukari kamar da gayya. Fura da nono ban bar ta ba, ba zan kuma ce wa Basakkwace ya bar ta ba. Dunƙule ɗaya, nono mai yawa, ba sukari, kuma a matsayin abinci, ba abin kora abinci ba. Mako biyun farko bakina ya yi ta ƙorafi, daga baya ya saba.

Sai faranti. Malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu, na dawa ko na gero sun fi na shinkafa riƙe ciki. Miya a yawaita, kuka ko kuɓewa ko ganye, a rage mai. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kimanin 120, kuma matanmu ba da cokali suke zubawa ba. Rabin farantin ya zama kwaɗon zogale ko rama ko kabeji da tumatir da albasa, wadda dai ba mu rasa ta a nan. Wake, ƙwai, kifi, kaza, tsire marar kitse duk naka ne. Masa da ƙosai da fanke su koma na ranar Juma'a. Balangu ka ce wa mahauci ya zaɓo maka tsoka, zai yi maka kallon wanda bai san daɗi ba, ka ƙyale shi. Kilo ɗaya na kitse kimanin kalori 7,700 ne, saboda haka rage 500 a kullum rabin kilo ne a mako.

Gishiri kuma don jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a wuni, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗanon miya da yajin tsire da kilishi duk a cikin lissafin suke. Wannan sai an yi sulhu da mai girki. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna rufe giɓin.

Motsa jiki: minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri, wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Lokacinta a Sakkwato ɗaya ne, bayan sallar Asuba. Daga masallaci nake wucewa, minti 40, wani lokaci a zagayen filin wasa na Giginya, in dawo kafin rana ta buɗe ido. Da hunturu sai in rufe hanci saboda ƙura. Mai kilo sama da ɗari kada ya fara da gudu, gwiwa ce za ta biya. Wanda kuma yake jin ciwon ƙirji ko haki fiye da kima ya ga likita kafin ya fara.

Aikinmu kansa mai sa ƙiba ne: zaman awanni a kujera, abincin jirgi, tashin dare, musamman lokacin jigilar alhazai, sannan abincin otal da tsakar dare. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa. Yanzu nakan sa gyaɗa da dabino uku da dafaffen ƙwai a jaka, in ce wa ma'aikatan jirgi su wuce da kek ɗin. Azumin Litinin da Alhamis a ranakun da ba na aiki ya taimaka mini, muddin buɗa-bakin bai zama ramuwar gayya ba.

Babban abokin gaba dai ba tuwo ba ne, ƙauna ce. A wurinmu tumbi alamar hutu ce. Da na sauke kilo takwas na je gaida Inna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wagga rama hwa? Ko ciwo kaka ɓoye muna?" Kafin in ba da amsa an dire mini kwanon tuwo da man shanu yana ninƙaya. Sai da na zauna na yi mata bayani cewa likitan jirgi ne ya ce in ban rage ba, za a karɓe aikin. Daga ranar ita ce mai tsare ni, ko a gidan biki ta ga an miƙo mini lemo sai ta ce a kawo mini ruwa. Ka faɗa wa mutanen gida dalili, ka fi samun sauƙi.

Gajerun hanyoyin da ke kai mutum rami

Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, ka nisance su. An sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayayyaki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma yana ɗaga jini. Wasu kuma maganin zawo ne kawai. Akwai masu shan maganin fitar da ruwa irin Lasix kwana biyu kafin gwaji don sikeli ya sauka. Ruwa ne ya fita ba kitse ba, gishirin jini ya rikice, bugun zuciya ya canza, gwajin ECG mai auna bugun zuciya ya nuna abin da da babu shi. Ka je neman kilo biyu ka dawo da takardar ganin likitan zuciya. Haɗe-haɗen gargajiya da ba ka san abin da ke ciki ba su ma haka, ga gwajin ƙwaya a fitsari yana jiran ka. Allurar nan ta zamani ta rage ƙiba irin semaglutide tana aiki, wasu hukumomin suna amincewa da ita bayan an lura da mutum na ɗan lokaci, amma ta hannun likita, da sanin likitan jirage. Tiyatar rage ciki kuwa zaman watanni ce a ƙasa.

Ga ɗalibai: kujera ma tana da magana

Takardar lafiya daban, jirgi daban. Ƙaramin jirgin koyo Cessna 152 ba ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 757, idan aka cika tankinsa abin da ya rage wa malami da ɗalibi bai kai kilo 200 ba. Jirgi mai saukar ungulu Robinson R22 kujerarsa kilo 109 ce iyaka. Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka roƙi a bar ka ka zauna a jirgin koyon: ka ɗaura bel, ka jawo sandar tuƙi har ƙarshe ka ga ko tumbi ya tare ta, ka taka feda, ka gwada fita da sauri.

Makon ƙarshe da ranar kanta

Kada ka canza komai. Ba yunwar dole, ba sabon magani. Ka bar motsa jiki mai tsanani kwana biyu kafin ranar, don yakan sa a ga furotin ko ɗigon jini a fitsari. Maganin mura mai buɗe hanci da maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini, maganin tari mai kodin kuma yana fitowa a fitsari. Ka isa garin da kwana ɗaya, kada ka sauka daga motar Sakkwato ka zarce asibiti. Ka yi barci sosai, ka sha ruwa. Ka tambaya tun da wuri ko ana so ka zo ba ka karya ba. Da safen ba goro, ba kofi, ba lemon ƙara kuzari, ba sigari. Ka iso da wuri ka zauna, ka zaga kafin awon jini idan an riga an karɓi fitsarin, kada ka yi surutu ana aunawa.

Ka riƙo fayil: littafin awon jini, jadawalin nauyinka mako-mako, sakamakon gwaje-gwaje, wasiƙar likitan da ke duba ka, kwalayen magungunanka, bayanin CPAP idan kana da ita, da tabarau. Mai ƙibar da ya shigo da wannan fayil da wanda ya shigo hannu rabbana, ba kallo ɗaya ake yi musu ba, ko da nauyinsu ɗaya.

Sai fom. Za a tambaye ka magungunan da kake sha da likitocin da ka gani, ka sa hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙa'idar ICAO ta ce duk bayanin ƙarya da aka yi wa likita a kai shi gaban hukumar lasisi. Hawan jini ana yi masa magani a koma aiki, ƙarya a fom kuwa lasisin take ci, idan kuma wani abu ya faru a sama takardar da ka sa wa hannu ce za a fara ɗaukowa.

Idan aka ce ka dakata

Dakatarwa ba kora ba ce. Ka nemi likitan ya rubuta maka abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya: wane gwaji, wane ƙwararre, wane adadi ake son gani, zuwa yaushe. Ka sanar da wurin aikinka da kanka. Ka tambaya ko za a miƙa fayil ɗinka ga likitocin hukuma, domin ƙa'ida ta ba su damar ba da takarda bisa sharaɗi, kamar a ce sai tare da matuƙi na biyu, ko a riƙa duba ka a kai a kai. Kada ka zagaya wurin wani likitan ka yi kamar ba a taɓa duba ka ba, fom ɗin yana tambayar wannan ma.

Na koma bayan mako bakwai da kilo 106, ƙwayar amlodipine ɗaya kowace safiya, da littafina. Ya karanta shi shafi-shafi, ya sa aka ɗauko babban mayani, jini ya nuna 134 bisa 84. Ya sa hannu, ya ce yana son ganin lambar da ta fara da tara a zuwa na gaba. A gwajin da ya biyo baya na hau sikelin da takalmina da agogona, ya nuna 99. Telana na Tsohuwar Kasuwa ya rage mini wandunan aiki sau biyu, ya ce na uku sai dai a ɗinka sababbi.